Gudu, Lokaci da Man Fetur a Doguwar Tafiya

Gabatarwa

Garin Suleja na Jihar Neja yana bakin ɗaya daga cikin manyan mahaɗar hanyoyin ƙasar nan. A da sunansa Abuja. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a shekarar 1976, aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, zirga-zirgar motoci a wannan yanki sai ƙaruwa take yi. Ta nan ake bi zuwa Kaduna da Zariya da Kano, ta nan kuma ake ratsewa zuwa Minna da Bida.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Daga nan farashin mai ya ninka, kuɗin mota ya bi bayansa, kowace lita ta zama abin lissafi ga direba da mai mota da fasinja. Manufar wannan darasi ita ce a nuna da alƙalami cewa lokacin da gudun wuce sa'a yake rage wa matafiyi kaɗan ne ƙwarai, alhali man da yake ƙonewa da haɗarin da yake jawowa masu yawa ne.

Darasi na ɗaya: lissafin lokacin tafiya

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ana raba nisan tafiya da gudun mota, abin da ya fito shi ne lokacin. Tsawon babbar hanyar da ta tashi daga Zuba, kusa da Suleja, ta bi ta Kaduna da Zariya har Kano, kimanin kilomita 375 ne. Domin sauƙin lissafi, a ɗauki tafiyar Suleja zuwa Kaduna a kan kilomita 160.

Motar da take gudun kilomita 80 a awa za ta ci wannan tafiya cikin awa 2 cif. Mai gudun 100 za ta yi awa 1 da minti 36. Mai gudun 120 kuwa awa 1 da minti 20. Watau wanda ya tashi daga 80 zuwa 100 ya rage minti 24, amma wanda ya ƙara daga 100 zuwa 120 minti 16 kacal ya samu, ko da yake ƙarin gudun iri ɗaya ne. Haka lissafin yake tafiya, gwargwadon yadda gudu ya ƙaru, gwargwadon yadda ribar lokacin take ƙanƙancewa.

Wannan kuma lissafin takarda ne, domin babu motar da take riƙe gudu ɗaya tun daga tasha har tasha. Mai barin Suleja zai wuce mahaɗar Dikko, ya ratsa Tafa inda manyan motoci suke yada zango a gefen hanya, ya bi ta Jere da Katari da Rijana kafin ya shiga Kaduna. Akwai shingayen jami'an tsaro, akwai gargada, akwai kuma wuraren da ake aikin gyara inda akan haɗa motocin hannu biyu a kan titi ɗaya.

A ɗauka cewa cikin kilomita 160 ɗin nan akwai 40 da ba a iya wuce gudun kilomita 40 a awa. Wannan yanki kaɗai zai ci awa 1, kowane irin direba ne. Sauran kilomita 120, mai gudun 100 zai yi su cikin minti 72, mai gudun 120 kuma cikin minti 60. Na farko ya isa Kaduna cikin awa 2 da minti 12, na biyu cikin awa 2. Bambancin minti 12 ne, abin da tsayawa ɗaya a gidan mai ko wurin mai shayi zai cinye. Saboda haka, da matsakaicin gudu na tafiyar baki ɗaya ake lissafin lokacin isa. Abin da allurar maleji ta nuna a fili mai kyau yana ruɗin direba ne kawai.

Darasi na biyu: inda man yake tafiya

Mota mai tafiya tana kokawa da abubuwa biyu, gogayyar taya da kwalta da kuma iskar da take tunkara. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota ya ji ƙarfin wannan iska. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. Bisa wannan ƙa'ida, turjiyar da mota take fuskanta a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, kuma da man fetur inji yake biyan wannan ƙari. Yawancin ƙananan motoci sun fi tsimin mai idan suna tafiya a giya ta sama, da gudu daidaitacce, tsakanin kilomita 60 da 90 a awa.

Manyan ƙasashe sun taɓa aiki da wannan ilmi. Da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai a shekarar 1973, Amurka ta kafa doka a 1974 wadda ta kayyade gudu a mil 55, watau kimanin kilomita 89 a awa, a duk faɗin ƙasar, domin tsimin mai. Sai a 1995 aka soke dokar baki ɗaya.

Ga misali da direban haya. A ɗauka motarsa tana shan lita 8 a kowace kilomita 100 in yana gudun 100, tana kuma shan lita 10 in ya kai 120. A kilomita 120 na fili mai kyau, bambancin lita 2.4 ne. Zuwa da dawowa ya zama lita 4.8. In yana yin wannan zirga-zirga kwana 25 a wata, ya ƙone lita 120 a banza, wajen cikin tanki biyu na ƙaramar mota. Sai ya buga wannan adadi da farashin lita a garinsu, ya ga abin da ya fita daga aljihunsa domin minti 24 a rana.

Darasi na uku: kowa ya auna motarsa

Alƙaluman da ke sama misali ne, kowace mota da irin cinta. Hanyar aunawa ita ce, a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar maleji. Bayan tafiya a sake cikawa kamar farko, a rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka yi. Sai a raba lita da kilomita, a buga da 100. Idan lita 32 ta shiga bayan tafiyar kilomita 400, to motar tana shan lita 8 a kilomita 100. Wanda ya yi haka sau uku ko huɗu, yana canza gudunsa, zai ga gaskiyar magana a littafinsa. In kuma cin man ya tashi farat ɗaya ba tare da dalili ba, lokacin ganin makaniki ya yi.

Darasi na huɗu: abubuwan da ke ƙara cin mai

Na farko, taya mai ƙarancin iska. Tana ƙara gogayya, tana yin zafi, tana iya fashewa. A auna iska wurin mai faci da safe kafin taya ta ɗumama, bisa adadin da masu ƙera motar suka rubuta.

Na biyu, lodi fiye da kima, musamman kayan da aka ɗaure a kan rufin mota ko aka bar but a buɗe saboda su. Nauyin yana wahalar da inji, tulin kayan kuma yana tare iska.

Na uku, taka totur da ƙarfi a bi shi da burki. Duk gudun da burki ya kashe, mai aka ƙona aka same shi. Direban da ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, yana hango hanya daga nesa, ba ya yawan taka burki.

Na huɗu, barin inji a kunne a tasha ana jiran fasinja, ko a dogon layi da ba ya motsi.

Na biyar, sakaci da sabis. Baƙin mai da ya daɗe, da fulogi da ya mutu, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, duk suna rage lafiyar inji.

Akwai wata dabara da wasu direbobi suke yi da sunan tsimi, watau kashe inji ko fitar da giya a gangara. Wannan ganganci ne. A yawancin motoci, da zarar inji ya mutu, burki da sitiyari sai su yi tauri. Motocin zamani kuwa da kansu suke katse mai idan an ɗaga ƙafa daga totur alhali mota tana cikin giya. Haka nan ɗaukar fetur a jarka cikin motar fasinja wasa ne da rai. Jama'ar wannan yanki ba su manta da ranar 18 ga Janairu, 2025 ba, sa'ad da wata tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko, wuta ta tashi ana tsakiyar kwasar man, mutane fiye da 80 suka rasa rayukansu.

Darasi na biyar: abin da doka ta ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988. Bisa ƙa'idojin hanya, ƙaramar motar gida ba za ta wuce kilomita 50 a awa ba a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas iyakarsu 90 a tagwayen hanya, tanka da tirela kuwa 60. Tun daga watan Fabrairu na 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu.

Dalilin dokar a fili yake. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, mai gudun 120 kuma mita 33. Nisan da burki yake bukata kafin mota ta tsaya cak shi ma yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari tsakanin gudun biyu. Ga shanu masu tsallaka titi, ga yara 'yan talla a bakin garuruwa, ga motar da ta lalace aka bar ta ba alama.

Kammalawa

Matafiyin da yake son isa da wuri, sammako ya kamace shi. Ya duba ruwa da baƙin mai da taya tun daren jiya, ya sha mai kafin ya bar gari, ya sa lokacin salla da cin abinci da hutawa cikin lissafinsa, ya kuma yi ƙoƙarin isa masauki kafin duhu. Fasinja su daina zuga direba, in ya wuce ƙa'ida su yi masa magana cikin ladabi. Masu motocin haya su daina ɗora wa direba balas da ba zai samu ba sai da gudu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi domin bita

1. Daga Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 140 ne. Awa nawa mota mai matsakaicin gudun 70 za ta yi?

2. Mota ta sha lita 27 a tafiyar kilomita 300. Lita nawa take sha a kilomita 100?

3. Me ya sa kashe inji a gangara yake da haɗari?

4. Mene ne iyakar gudun bas a tagwayen hanya?