Kafin Ka Tsaya wa Wani a Harkar Kwastam

Kwantenar da aka sauke a Apapa ko Tin Can, idan za a wuce da ita tashar tsandauri ta Kaduna ko ta Dala a Kano kafin a biya kuɗin fito, sai an ajiye takardar lamuni: in kaya sun salwanta a hanya ko an ƙi biya, wani zai biya gwamnati. Banki ko kamfanin inshora ke bayar da ita, su kuma sukan nemi wanda zai tsaya musu. A nan ne ake sallama a ƙofar ɗan'uwa mai takardar gida.

1. Lamuni ɗaukar bashi ne. Mutane da yawa suna sa hannu a zaton shaida kawai suka yi. A fiƙihu da dokar ƙasa duka, mai lamuni yana biya idan mai kaya ya gaza. Abin da ba za ka iya biya ba tare da sayar da gida ba, kada ka tsaya masa, ko da ƙaninka ne. Na san kunya ke hana mu cewa a'a, amma gidan nan yara ke kwana a cikinsa.

2. A rubuta adadin kuɗi da wa'adi. Ka tambaya: kwantena ɗaya ce, ko duk abin da zai shigo da shi nan gaba?

3. In kai ne mai kayan, ka sani abin da ejan, wato wakilin da ke fitar maka da kaya a kwastam, ya shigar da sunanka, cikin wakilcin da ka ba shi, kai ka shigar. Idan ya rage darajar kaya don fito ya yi sauƙi, kai za a nema. Dokar kwastam ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba hukumar ikon sake bin takardu bayan kaya sun fita, ko an riga an sayar da su a Kantin Kwari. Saboda haka ka ga lasisin ejan da idonka, ka rubuta masa iyakarsa: ya fitar da kaya, ban da ɗaukar lamuni da sunanka.

4. Kada ka sa hannu a farar takarda.

5. Kuɗin fito ka biya da kanka a banki, ka adana rasit.

6. Ranar da kuka rabu da ejan, ka sanar da kwastam da banki a rubuce. Muddin ba su sani ba, suna iya ci gaba da ɗaukarsa wakilinka.

7. In kai ne mai lamuni, uwargida da babban ɗa su san inda kwafin takardun yake, domin ana iya bin wannan bashi a dukiyar mamaci kafin a raba gado. In an gama biya, ka karɓo takardar sallamar lamuni tare da takardar gidanka.