Darasi Na Tara: Binciken Masana a Kasuwar Muda Lawal

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya:
1. bayyana ma'anar binciken ilimi da matakansa;
2. kawo misalan sakamakon bincike a fannin likitanci da fasaha da kimiyyar ƙasa;
3. amfani da kalmomin “fi” da “kai” wajen kwatanta abubuwa biyu.

Karatu

Kasuwar Muda Lawal tana cikin birnin Bauchi, kuma tana daga cikin manyan kasuwannin kayan abinci na jihar. Idan kuka shiga cikinta da sassafe, za ku tarar da motoci suna sauke buhunan masara da wake da gyaɗa. Ga kwandunan tumatir da tattasai, ga tarin lemo da kankana. Masu saye suna tayawa, masu sayarwa suna cewa albarka. A nan babu ɗakin gwaje-gwaje. Duk da haka, yawancin kayan da kuke gani masana sun shafe shekaru suna bincike a kansu, kuma abin da suka gano ya shafi lafiyarku da aljihun iyayenku.

Binciken ilimi shi ne neman amsar wata tambaya ta hanyar lura da gwaji da kwatantawa. Mai bincike yakan fara da tambaya. Daga nan sai ya yi gwaji, ya auna abin da ya faru, ya rubuta, sannan ya miƙa wa sauran masana su duba ko aikinsa ya yi daidai. Bari mu tsaya a wurare uku cikin kasuwar, mu ga abin da irin wannan aiki ya haifar.

Rumfar gyaɗa: abin da likitoci suka gano

Ku ɗebi gyaɗa a tafin hannu ku duba da kyau. Wasu ƙwayoyin cikakku ne, wasu kuwa sun motse, sun canza launi, ko sun yi fumfuna. Mai saye yakan ga wannan a matsayin asarar kuɗi kawai. Masana sun gano cewa lamarin ya wuce haka.

A shekarar 1960, 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar duk sun ci abinci iri ɗaya, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗar da aka sayo daga Brazil. A cikin tunkuzar aka sami wata guba da wani nau'in fumfuna yake fitarwa. Aka sa wa gubar suna afalatoksin. Wannan fumfuna yana zaune a cikin ƙasar gona, kuma yana son zafi da danshi. Ya fi kama gyaɗa da masara.

Bayan haka, likitoci suka tabbatar cewa cin wannan guba a kai a kai yana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Idan ta yi yawa a abinci, tana kisa cikin kwanaki. A shekarar 2004, mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masara mai wannan guba. Abin tsoron shi ne, gubar ba ta da ƙamshi ko ɗanɗanon da za a gane ta da shi, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Saboda haka tana iya shiga ƙuliƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara ba tare da kowa ya sani ba.

To, mene ne mafita? Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2005 ya ba da amsa. Masana sun zaɓi ƙauyuka 20 a ƙasar Gini. A ƙauyuka 10, suka koya wa manoma su tsince ɓatacciyar gyaɗa da hannu, su shanya sauran a kan tabarma har ta bushe sarai, su zuba ta a buhun da iska ke ratsawa, sannan su ɗora buhun a kan katako. A sauran ƙauyuka 10, manoma suka ci gaba da ajiya yadda suka saba. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane. Gubar da aka samu a jinin mutanen ƙauyukan farko ba ta kai rabin ta sauran ba. Ku lura da dabarar masanan: da ba su bar wasu ƙauyuka don kwatantawa ba, da ba za su san ko sabuwar hanyar ce ta kawo sauƙin ba.

A Nijeriya ma an yi aiki. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe. Ƙwayoyin dawa ne da aka shafa wa dangin wannan fumfuna, amma irin wanda ba ya fitar da guba. Manomi yakan watsa su a gona mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Fumfuna marar guba sai ya mamaye gonar, ya hana mai guba wurin zama. Gwaje-gwaje sun nuna cewa hakan yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Rumfar wake: buhu mai ruɓi uku

Yanzu mu matsa zuwa wurin masu wake. Babban abokin gabar mai sayar da wake shi ne wani ɗan ƙaramin ƙwaro. Yana saka ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsarsa ta shige ciki ta cinye, ta fito ta bar rami. Cikin 'yan watanni sai buhu guda ya zama gari. Wannan ya sa manoma da yawa suke sayar da wakensu da kaka, lokacin da farashi ya faɗi. Wasu kuma sukan zuba maganin ƙwari a cikin buhu, wanda yake cutar da mai ci. A shekarar 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, sun fara nazarin wannan matsala tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Tambayarsu ita ce: za a iya kashe ƙwaron ba tare da magani ba? Amsar da suka samu ita ce buhu mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS. Yana da ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam.

Ga yadda yake aiki. Ƙwarin da ke cikin buhu suna shaƙar iskar oksijin kamar yadda muke yi. Idan suka shanye ɗan abin da ya rage, sai su daina ci, su daina hayayyafa. Masanan sun kuma gano wani abin mamaki: ƙwaron yana samun ruwan jikinsa ne ta hanyar sarrafa abinci da oksijin. Idan iskar ta yi ƙaranci, sai ya bushe ya mutu. Masanan cibiyar INRAN da ke Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun yi ta gwada buhun a wurin manoma. Daga shekarar 2007 aka fara yaɗa shi a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Akan ɗaure buhun a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi a gabansu, kowa ya duba waken da idonsa. Gani ya kori ji.

Wurin wanke kayan lambu: ruwa da dutse

Wuri na uku shi ne inda ake yayyafa wa latas da karas ruwa don kada su yi yaushi. Daga ina ruwan ya fito? Madatsar ruwa ta Gubi ce take bai wa birnin Bauchi ruwan famfo, amma mutane da yawa sun dogara da rijiyoyi da burtsatse. A nan ne kimiyyar ƙasa ta shigo.

Ku ɗaga kai ku dubi duwatsun da suka kewaye birnin. Shekarunsu sun haura miliyan 500. Wani masani ɗan Nijeriya, Farfesa Mosobalaje Oyawoye, mutumin Offa a Jihar Kwara, ya yi nazarin wani dutse mai duhun kore da ake samu a nan. A shekarar 1965 ya wallafa bayaninsa a mujallar kimiyya ta Nature, ya raɗa masa suna “bauchite”, wato dutsen Bauchi. Har yau da wannan suna masana duwatsu na duniya suke kiransa.

Irin waɗannan duwatsu sun shimfiɗu a ƙarƙashin birnin, kuma ruwa ba ya ratsa su. Ana samun ruwa ne a wuri biyu kawai: a saman dutsen inda ya ruɓe ya zama tsakuwa da ƙasa, da kuma cikin tsagoginsa. Shi ya sa wani zai haƙa rijiya ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da fa. Domin kauce wa asara, masana sukan kafa ƙarafa a ƙasa su tura wutar lantarki kafin a yi haƙa. Jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshen dutse barin wutar ta wuce, ta haka ake gane inda ruwa yake.

Akwai kuma gargaɗi a cikin wannan ilimi. Tun da ruwan yana kusa da saman ƙasa, ƙazanta daga masai da kwata tana iya sulalewa cikinsa, musamman da damina. Saboda haka ake ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta gurɓataccen ruwa take yaɗuwa, kuma a shekarar 2021 Jihar Bauchi tana cikin jihohin da ta fi addaba. Duk kayan lambun da za a ci ɗanye, a sake wanke shi da ruwa mai tsabta a gida.

Abin da ya rage gare ku

Sakamakon bincike ba ya amfanar kowa muddin yana kwance a cikin mujalla. Sai ya isa wurin manomi da ɗan kasuwa da mai girki. Ku da kuke koyon Hausa kuna da dama babba a nan, domin kuna iya karanta binciken da Turanci, ku bayyana shi da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa. Idan kuma wani ya ce muku “bincike ya nuna”, ku tambaye shi abu uku: wa ya yi binciken, me aka auna, kuma da me aka kwatanta? Matambayi ba ya ɓata.

Ma'anar Kalmomi

fumfuna: abu mai kama da auduga da ke fitowa a jikin abinci mai danshi
tunkuza: abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa
bin diddigi: bincika asalin abu daki-daki
wallafa: buga rubutu don jama'a su karanta
takwara: wanda yake aiki ko matsayi irin na wani
ruɓi: ninki, wato abu a cikin abu
burtsatse: rijiya mai zurfi da ake haƙawa da inji
fa: shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu

Auna Fahimta

1. Waɗanne matakai mai bincike yake bi?
2. Me ya kashe talotalo a Ingila a shekarar 1960?
3. Don me masana suka raba ƙauyukan Gini gida biyu?
4. Ku bayyana yadda buhu mai ruɓi uku yake kashe ƙwaro.
5. Wane ne ya raɗa wa dutsen Bauchi suna, kuma a wace shekara?
6. Me ya sa ruwan rijiya yake saurin gurɓata da damina?

Nahawu: Kwatanci da “fi” da “kai”

Bincike ba ya yiwuwa sai da kwatanci. A Hausa, idan abu ya ɗara wani, muna amfani da “fi”. Idan sun yi daidai, sai mu ce “kai”. Idan ya gaza, mu kore “kai”. Sunan halin da ake kwatantawa yakan zo a ƙarshen jimla.

Burtsatse ta fi rijiya zurfi.
Wannan buhu ya kai wancan nauyi.
Leda ɗaya ba ta kai ledoji biyu ƙarfi ba.

Ku cike guraben da “fi” ko “kai”:
1. Rigakafi ya ______ magani.
2. Masara ba ta ______ wake tsada ba.
3. Busasshiyar gyaɗa ta ______ ɗanya daɗewa a ajiya.
4. Ruwan kwata bai ______ ruwan famfo tsabta ba.

Jinga

1. Ku sami kwalba biyu da wake mai ƙwari. Ku cika ta farko har baki, ku toshe ta sosai. Ku zuba wake a ta biyu, ku rufe bakinta da ƙyalle. Bayan mako shida, ku ƙirga ƙwayoyi 100 daga kowace kwalba, ku ga nawa ne masu rami. Ku rubuta sakamakon da jimloli biyar masu “fi” ko “kai”.
2. Ku je kasuwar da ta fi kusa da ku. Ku gai da mai sayar da hatsi cikin ladabi, misali: “Sannu da kasuwa, Baba. Don Allah ina da tambaya.” Ku tambaye shi yadda yake ajiye wakensa, sannan ku rubuta hirar cikin layi goma.