Allon shago: a fara da ofishin magajin gari kafin a je wurin mai walda

Mu da muke cin abinci da rubuta allunan shaguna a Tasawa da Mayahi mun san yadda cinikin yake farawa. Mai shago ya zo da sunan da yake so, a yi ta ja-in-ja kan launi da girman baƙaƙe, a aika wa mai walda awon ƙarfe, amma da wuya ka ji ya ce ya riga ya tambayi hukuma inda za a kafa shi. A ganina wannan tambayar ce ta farko, domin allo ba ya tsayawa a iska, sai a kan ƙasa, kuma sau da yawa ƙasar ba ta mai shagon ba ce.

Akwai bambanci tsakanin sunan da aka rubuta a jikin bangon shago da allon da aka haƙa wa rami a bakin hanya. Bango naka ne, ko na mai gidan da kake haya. Filin da ke tsakanin ƙofarka da kwalta kuwa na jama'a ne, ko da shekara ashirin ka yi kana share shi kowace safiya. A Tasawa abin ya fi nauyi, tunda babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram ta Maijirgi, ta ratsa garin, kuma kowa so yake allonsa ya leƙo inda direba zai gani. Tsaya a bakinta da hantsi ka duba: na mai cajin waya ya sha gaban na tela, na tela ya rufe na mai sayar da taki, duk ƙafafunsu sun ci hanyar masu tafiya a ƙasa, har yarinya mai tallar ƙosai sai ta sauka kan kwalta tsakanin ɗan kabu-kabu da amalanken jaki kafin ta wuce. Babu wanda ya yi nufin cutar da ita, kowa taku ɗaya ya ƙara.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari kula da tsari da lafiyar jama'a a titunan garinsa, dokar haraji kuma ta sa harajin tallar da ake kafawa a waje cikin kuɗin shigar ƙaramar hukuma. Rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a watan Afrilun 2024 bai ɗauke wannan iko ba, ya dai koma hannun kantomomin da aka naɗa. Saboda haka abu biyu ake nema a ofishin, kuma mutane na yawan haɗa su: izinin kafawa a wuri kaza da girma kaza, sai kuɗin da za a biya. Patantin da ɗan kasuwa ke biya na sana'arsa ne, tikitin ranar kasuwa na rumfarsa ne, babu ɗayansu da ya ba shi gefen hanya. Ko rasit ɗin allon kansa shaidar biya ce kawai. Wanda ya tuna yadda aka rushe shaguna da rumfunan bakin manyan titunan Yamai a 2016 ya san cewa ranar da hukuma ta buƙaci filinta, daɗewa a wurin ba ta zama hujja.

Za a ce ai babu mai tambaya, ga maƙwabcina shekara da shekaru bai biya ko dala ba. Gaskiya ne, musamman a wurare irin Kanambakashe ko Korgom inda ma'aikata ba su da yawa. Sai dai shirun hukuma ba izini ba ne, kuma asarar tana faɗawa ne kan wanda ya riga ya sayi ƙarfe da fenti da siminti. Sauya awo a takarda kyauta ne, yanke ƙarfen da aka riga aka yi wa walda kuwa sai an sake biya. Ga kuma iskar farkon damina, wadda kan ɗauki kwanon allo kamar faifai. Idan ya faɗa kan mutum ko ya taɓa wayar lantarkin NIGELEC, mai shi za a nema, kuma tambayar farko ita ce wa ya ba shi izini.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa kuɗin ba a ganin aikinsu, kuma farashin yakan danganta da fuskar mai tambaya. Ban raina wannan magana ba, amma maganinta yana cikin takardar da ake gudu. Kuɗin da aka miƙa a ƙofar shago ba rasit ba su shiga littafin kowa ba, gobe wani zai dawo ya nema. Wanda aka biya a wurin mai karɓar kuɗin hukuma, aka buga hatimi, shi ne ake iya tambayar inda ya tafi. Hukumomin ma da nasu nauyin: tunda kundin tsarin mulkin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ban ga dalilin da zai hana a liƙa farashi da sharuɗɗan alluna da Hausa a ƙofar ofishi ba, a kuma karanta su a gidajen rediyon gari don waɗanda ba su yi boko ba.

Mai niyyar kafa allo ya auna tsawo da faɗinsa, ya ɗauki hoton wurin da wayarsa, ya faɗi ko a bango ne ko a ƙasa, ko mai fitila ne, ya nemi amsa a rubuce. In shagon na haya ne, ya fara da mai gida. Takardar kuma a yi mata kwafi a ajiye a shago, don ma'aikacin da zai zo dubawa ba lallai ne shi ne wanda ya sa hannu ba.