Matakan Ɗaukar Hoton Magangarun Ruwan Yosemite a Shekarar Ƙarancin Dusar Ƙanƙara

Wanda ya saba da Gurara ko Farin Ruwa ya san lissafinsu: damina ta kankama, ruwa ya cika, rani ya tsananta, ya ja baya. A tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya ta Amurka, lissafin daban ne. Can kusan ba a ruwan sama da bazara. Dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu daga Disamba zuwa Maris ita ce rumbun ruwan shekara, tana narkewa sannu a hankali tana ciyar da rafuka. Idan rumbun bai cika ba, magangarun kwarin Yosemite da duniya ke rububin ɗauka sai su ƙafe da wuri. Mai ɗaukar hoto da ya tsara tafiyarsa bisa hotunan da ya gani a kalanda, ba tare da ya duba ƙanƙarar bana ba, yana iya tarar da busasshen dutse.

Mataki na farko: duba awon ƙanƙara kafin ka sayi tikiti

Hukumar albarkatun ruwa ta Kalifoniya tana auna ƙanƙarar tsaunuka duk hunturu, kuma awon 1 ga Afrilu ne aka fi dogara da shi, don a lokacin ne tarin yakan kai ƙololuwa. Kada tsayin tarin ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne yawan ruwan da ke cikinta, wanda suke bayarwa a matsayin kaso na abin da aka saba samu. Tazarar da ke tsakanin shekaru tana da ban mamaki. A 2015 awon ya tsaya a kashi 5 cikin ɗari kacal, har gwamnan jihar na lokacin, Jerry Brown, ya tsaya kan busasshiyar ciyawa a wurin awo na Phillips Station ya ba da umarnin rage amfani da ruwa. A 2023 kuwa ya haura ninki biyu na abin da aka saba.

Bayan wannan, duba ma'aunin kogin Merced da ke Happy Isles, wanda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke wallafa alƙalumansa a intanet, sannan ka leƙa kyamarar da ke nuna magangarar Yosemite kai tsaye.

Mataki na biyu: matso da tafiyarka gaba

A shekarar da aka saba, ruwa yakan kai maƙura a watan Mayu, wani lokaci ya taɓa Yuni. A shekarar ƙaranci, Afrilu ne lokacinka, don ɗan abin da ya taru yana narkewa da sauri da zarar rana ta fara zafi. Amma akwai riba a ciki. Hanyar Tioga, wadda ke ratsa saman tsaunuka, ƙanƙara ce ke rufe ta duk hunturu. A 2015 an buɗe ta tun farkon Mayu, alhali a 2023 sai a ƙarshen Yuli. Ke nan shekarar da ta rage maka ruwan kwari ita ce ta buɗe maka makiyayar Tuolumne da tafkin Tenaya makonni kafin lokaci.

Mataki na uku: san wace magangara ce ke jurewa

Nan ne mafi yawan baƙi ke asarar kwanakinsu, don suna ɗauka duk ruwan kwarin tafiyarsa ɗaya. Magangarar Yosemite, mai tsayin mita 739, ita ce mafi shahara, kuma tana cikin masu saurin ƙafewa. Yankin da ke tara mata ruwa galibi falalen dutse ne mai ƙarancin ƙasa, ba ya riƙe komai. Ko a shekara mai kyau takan koma ɗigo ko ta bushe wajen Agusta. Bridalveil, da ke ɗaya gefen kwarin, ba ta kai ta tsayi ba, amma yankinta yana da ƙasa da fadamu da tafki, saboda haka tana zuba duk shekara ko da siririya ce. Vernal da Nevada kuwa a kan kogin Merced kansa suke, wanda ke ɗebo ruwa daga can ƙuryar tsaunuka inda ƙanƙara ta fi daɗewa. Idan ka makara, bar ta Yosemite, ka ɗauki hanyar ƙafa zuwa Vernal.

Sai Horsetail, wadda ke zuba daga gefen dutsen El Capitan. A tsakiya zuwa ƙarshen Fabrairu hasken faɗuwar rana yakan buge ta ta yi jajur kamar wuta, abin da hoton da mai ɗaukar hoto Galen Rowell ya ɗauka a 1973 ya sa duniya ta sani. Yankin da ke tara mata ruwa ɗan ƙarami ne ƙwarai. Sai an samu ƙanƙara a saman, an samu ɗumin da zai narkar da ita, kuma yamma ta washe. A shekarar ƙaranci ban ga hikimar ƙetare teku don ita kaɗai ba.

Mataki na huɗu: sauya yadda kake saita kyamara

Ruwa mai yawa da ruwa kaɗan ba saiti ɗaya suke so ba. Idan ruwa ya cika kuma ka bar ƙofar kyamara a buɗe daƙiƙa ɗaya, farin dunƙule kawai za ka samu. Siririn ruwa kuwa wannan jinkirin ne ke ba shi jiki: rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu yana haɗa ɗigo-ɗigon ya zama zaruruwa masu fita sarai a kan baƙin dutse. Don haka ka riƙe sandar kyamara mai ƙafa uku da gilashin rage haske, ka sauke ISO zuwa 100. Gilashin kashe ƙyalli ma yana da amfani sosai a nan, don jiƙaƙƙen dutse ya fi ruwan yawa a hoton, kuma ƙyallinsa yana cinye launi.

Dogayen magangaru suna da nasu hukunci. Idan ruwan ya yi siriri, iska tana kaɗa shi gefe tun kafin ya iso ƙasa, kuma jinkiri zai shafe shi gaba ɗaya. A nan ka ɗauka da sauri, ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko fiye, ka jira lokacin da iska ta watsa shi hasken ya ratsa. Ka jawo nesa kusa, ka yanke sararin sama da busassun kawunan duwatsu, ka cika hoton da ruwan da baƙin tabon da ya bari a jikin dutse. Kada ka sa rai da bakan gizo, balle wanda hasken farin wata ke fitarwa a gindin magangarar Yosemite da dare, don dukansu feshi mai yawa suke bukata.

Mataki na biyar: juya ga kogi

A ganina wannan ne babban abin da shekarar ƙaranci ke bayarwa. Merced idan ya cika gudu yake, ba ya nuna komai. Idan ya ja baya sai ya kwanta, a wurin tsayawa na Valley View ka ga El Capitan ya fito a fuskar ruwan da sassafe kafin iska ta tashi. Ka durƙusa ƙasa-ƙasa, ka sa duwatsun da suka ɓullo a gaba. A nan ka sassauta gilashin kashe ƙyalli, in ba haka ba zai goge hoton dutsen da ke cikin ruwan.

Mataki na shida: kiyaye ƙafarka da huhunka

Ƙarancin ruwa yana jawo mutane su tsallake shinge su hau duwatsun da a da ba sa kusantuwa. Waɗannan duwatsu ruwa ya goge su shekara dubbai, suna da santsi ko a bushe, kuma an sha rasa rayuka a saman Vernal. Ka tsaya bayan shinge, ka bar kyamara ta jawo maka abin da kake so.

Sannan ƙasar da ta bushe da wuri tana kama wuta da wuri. A 2018 gobarar Ferguson ta sa aka rufe kwarin na makonni a tsakiyar bazara. Idan tafiyarka ta faɗa tsakanin Yuli da Oktoba, duba rahoton hayaƙi kowace safiya, ka tanadi takunkumi, kuma ka kama masaukin da zai yarda ka sauya rana ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba.