Sayen Na'urar Tuƙin Kwale-kwale: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ka saurara kafin ka zaro kuɗinka. Na'urar motsa jiki ta tuƙin kwale-kwale aba ce mai amfani. Za ka zauna a kujera mai zamewa a kan dogo, ka ɗaure ƙafafu, ka tura da su, ka ja mariƙi zuwa ƙasan ƙirji. A ja ɗaya ƙafa da cinya da gadon baya da ciki da hannu duk suna aiki, gwiwa kuma ba ta shan dukan da take sha a gudu. Amma na ga gidan da aka saye ta da tsada ta koma wurin shanya. Na ga magidancin da ya saye ta don neman lafiya, ya wayi gari ruku'u na gagararsa saboda ciwon baya. Gaggawa ce ta jawo duka biyun.

Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mai iska, wadda fanka ke juyawa a cikinta, iya ƙarfin janka iya nauyinta, sai dai tana da ƙara. Kamfanin Concept2 na jihar Vermont a Amurka ya fito da tasa a 1981, ita ce kuma 'yan tseren jirgin ruwa suka fi yin atisaye da ita. Akwai mai ruwa, wadda filafilai ke kaɗa ruwa a cikin tanki, irin wadda WaterRower ke ƙerawa tun 1988. Akwai mai maganaɗisu, wadda ba ta da hayaniya. Sai mai fistin, ƙarama, mafi araha, mafi saurin mutuwa.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka fara ganin likita in kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko tsohon ciwon baya. Na'urar nan tana tayar da bugun zuciya cikin 'yan mintuna, kuma ba ta san abin da ke jikinka ba.

2. Ka auna ɗakinka da tef kafin ka fita kasuwa. Tsawon ta Concept2 santimita 244 ne, kuma tana buƙatar fili mai tsawon 274 da faɗin 122, in ba haka ba bango za ka yi ta buga.

3. Ka hau, ka miƙe ƙafafunka gaba ɗaya. In kujera ta kai ƙarshen dogo gwiwarka ba ta miƙe ba, ta yi maka gajarta, kuma wannan ba shi da gyara.

4. Ka karanta nauyin da aka rubuta tana ɗauka, ka gwada da na wanda ya fi kowa jiki a gidan. Ta Concept2 tana ɗaukar kilo 227, da yawa daga masu araha ba sa wuce 100 zuwa 120.

5. Ka duba tsayin kujera daga ƙasa. Akwai mai santimita 36, akwai mai 51, kuma dattijo ko mai ciwon gwiwa da ya sayi gajera zai zauna ya kasa tashi.

6. Ka zaɓi irin da ya dace da gidanka. Mai zaman haya, ko saman bene, ko mai jariri a ɗaki ya nemi mai maganaɗisu, domin ƙarar fanka da asuba rigima ce da maƙwabta.

7. Ka ɗauki wadda allonta ke aiki da batir. Wadda sai an jona ta da wutar lantarki za ta yi aiki ne ranar da aka kawo wuta, ba ranar da kake so ba.

8. Ka tabbata allon yana nuna lokacin da kake cin mita 500 da yawan ja a minti ɗaya. Da waɗannan biyun ake gane ci gaba, sauran lambobin ado ne.

9. Ka yi minti 10 a kanta a cikin shago kafin ciniki. Kujera mai cizo, mariƙi mai fizga da dogo mai gargada ba sa bayyana a ja biyu.

10. Ka tambayi inda ake samun kayan gyara: sarƙa ko bel, tayoyin kujera, maɗaurin ƙafa da robar da ke mayar da mariƙi. Waɗannan ne ke fara cinyewa, kuma rashin ɗayansu yana kwantar da na'urar baki ɗaya.

11. In ta hannu ce, ka shafa dogon da tafinka, ka ja sarƙar har ƙarshe, ka leƙa tanki, ka kunna allo. Lotsa a dogo, tsatsa a sarƙa ko tsaga a tanki kuɗi ne da za ka sake biya.

12. Ka karɓi rasit da takardar garanti a rubuce, da sunan wanda zai yi gyara. Alkawarin baki yana ƙarewa ne a ƙofar shago.

13. Ka koyi tsarin ja tun ranar farko: ƙafa, sai baya, sai hannu. Wajen komawa kuma hannu, sai baya, sai ƙafa. Mafi yawan ƙarfin daga ƙafa yake, wanda ya juya tsarin ya ɗora wa ƙugunsa aikin cinya.

14. Ka fara da minti 10, ja 20 zuwa 24 a minti, kana ƙarawa mako-mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, amma a hankali ake kaiwa can.

15. Ka goge dogo bayan kowane hawa, ka sa wa sarƙa mai bayan kowace awa 50 ta aiki, ka lulluɓe na'urar da hunturu. Ƙura tana toshe ragar fanka, tana kuma cin tayoyin kujera.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka ci gaba da ja in ka ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi. Jarumta a nan tana kai mutum asibiti a kwance, don haka ka sauka ka nemi likita.

2. Kada mai juna biyu, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai ƙaba ya hau ba da izinin likita ba. Kowane ja yana matse ciki, ɗinkin da bai warke ba kuwa ba ya jure matsi.

3. Kada kalmar "ana naɗe ta" ta ruɗe ka. Girmanta a naɗe na ajiya ne, kuma mahaɗin da ake naɗewa shi ke fara girgiza a ƙarƙashin mai nauyi.

4. Kada ka tura kuɗi saboda hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Hoto ba ya nuna tsatsa, kuma wanda ya karɓi kuɗinka yana iya kashe waya.

5. Kada ka bi araha ka ɗauko mai fistin in da gaske kake son atisaye. Man da ke cikinsa yana zafi ya tsinke, nauyin ja ya ragu, daga baya ya fara yoyo, araha kuwa ba ta ado.

6. Kada ka sayi mai ƙaton allo da ke neman intanet da biyan kuɗin wata-wata da dala. Ranar da ka daina biya, yawancin abin da ya sa ta yi tsada zai rufe.

7. Kada ka zaɓi na'ura don tana nuna maka ka ƙona kalori mai yawa. Kintace ne kawai, kuma allon mai araha ya fi kowa iya faranta wa mai saye rai.

8. Kada ka yarda da mai shagon da ya ce za ta narkar da tumbi ita kaɗai. Babu motsa jikin da ke zaɓar wurin da kitse zai bari, kuma ja ba ya goge abin da cokali ya ƙara.

9. Kada ka ajiye mai ruwa a rana, kada kuma ka zuba mata sinadarin wanke farin kaya. Rana tana tsirar da gansakuka, sinadarin yana lalata tankin, ƙwayar tsaftace ruwa da kamfani ya bayar ita ake sakawa kamar duk wata shida.

10. A mai iska, kada ka kai maɓallin daidaita iska lamba 10 don a ce kai ƙaƙƙarfa ne. Tsakanin 3 da 5 ake so, abin da ya wuce haka yana gajiyar da baya kafin zuciya ta amfana.

11. Kada ka yi doro kana ja, kada kuma ka kwanta da baya sosai a ƙarshe. Ja ɗaruruwa da lanƙwasasshen baya su ne mafarin ciwon da ke hana mutum ɗaura takalmi.

12. Kada ka hau da jallabiya, babbar riga, zani ko dogon hijabi. Tayoyin kujera suna cafke gefen tufa, su yaga ta ko su fizgo mai ita ƙasa.

13. Kada ka bar yara kusa da ita, kana kai ko ba ka kai. Yatsan yaro a kan dogo, kujera ɗauke da babban mutum ta bi ta kansa, ba sai na faɗa maka sauran ba.

14. Kada ka saki mariƙi ya koma da gudu, kada kuma ka ja da hannu ɗaya. Na farko yana fasa allo da bakin sarƙa, na biyu yana murɗe sarƙar da kafaɗarka.

15. Kada ka hau da tsakar rana a bazara cikin rufaffen ɗaki, ko da rana kana azumi. Gumin da take fitarwa yana da yawa, jikin da ba ruwa kuwa suma ke jiransa.

In na'urar da ke gabanka ta gaza a tsawo, ko a nauyi, ko a kayan gyara, ka bar ta a shago komai ragin da aka yi maka. Kada ka ci bashi dominta. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 ɗin nan ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka riƙe ta, ka ci gaba da tara kuɗi, sai ka sami wadda ta dace da jikinka da ɗakinka sannan ka biya.