Gafiya a Fagen Nakiya: Yadda Ake Horar da Dabba da Lada

Bahaushe ya san gafiya tun kaka da kakanni. Ya san ta da ɓarnar rumbu da haƙa rami a gindin katanga, ya kuma lura da yadda take cusa hatsi a kumatunta har su kumbura, shi ya sa ya ce gafiya tsira da na bakinki. Abin da bai taɓa zato ba shi ne wata rana a ɗaura mata ɗamara a tura ta neman nakiyar da mayaƙa suka binne a ƙasa. To, wannan shi ne aikin da wata 'yar'uwar gafiyarmu, wadda ake samu a gabashi da kudancin Afirka, take yi fiye da shekara ashirin ke nan. Masana suna kiran dangin nan duka da sunan Cricetomys.

Wani mutumin Beljiyam mai suna Bart Weetjens, wanda ya taso yana kiwon ɓeraye tun yana yaro, shi ne ya kawo shawarar. A shekarar 1997 aka kafa ƙungiyar APOPO domin gwada ta, a shekarar 2000 kuma aikin ya koma garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, cikin Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine. Dalilan zaɓen gafiya a fili suke. Hancinta yana da kaifi ƙwarai, ga shi nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, don haka tana taka nakiya ba ta tashi. Tana kuma iya kai shekara takwas a raye, wato wahalar koya mata ba ta tafiya a banza. Sai dai duk waɗannan kyauta ce ta halitta. Tambayar da ta shafi kimiyya ita ce: ta yaya za a sa dabbar da ba ta jin magana, ba ta kuma damu da mutuwar kowa ba, ta riƙa nuna wa mutum inda ajalinsa yake kwance?

A Hausa kalmar horo tana da fuska biyu. Idan an ce an hori doki, koya masa aka yi. Idan an ce alƙali ya hori ɓarawo, azaba ya sha. Zaman ma'anonin biyu cikin kalma guda ya nuna yadda mutane da yawa suka ɗauki al'amarin, cewa koyo ba ya shiga sai da bulala. A Morogoro kuwa ba a dukan gafiya, ba a yi mata tsawa. Da ayaba da gyaɗa ake yin aikin duka.

Asalin ilmin

Wajen shekarar 1898 wani ɗalibin ilmin halayya a Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa saka kyanwa mai jin yunwa cikin akwati wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an ja wani zare ko an taka wani ɗan katako, ya ajiye abinci a waje. Da farko kyanwar kan yi ta yaƙushi da birgima har ta taɓa abin bisa kuskure. Amma da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin da take ɗauka kafin ta fita ya riƙa raguwa. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yin sa.

B. F. Skinner ne ya ɗauki wannan ƙa'ida ya auna ta dalla-dalla da ɓeraye, ya buga sakamakonsa cikin littafi a 1938. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga wani aiki na koya wa tantabaru jagorantar bam, aikin da sojoji suka watsar daga baya. Amma a tsakiyarsa, cikin 1943, a saman benen wani kamfanin niƙa a birnin Minneapolis, shi da abokan aikinsa suka so su koya wa tantabara bugun 'yar ƙwallon katako da bakinta. Suka zauna jiran ta buga don su ba ta hatsi, ta ƙi bugawa. Da suka gaji, sai suka fara ba ta hatsi don ta dubi ƙwallon kawai, sa'an nan sai ta matsa kusa da ita, sa'an nan sai ta taɓa ta. Cikin 'yan mintoci tantabara ta shiga bugun ƙwallo. Wannan dabara ta hawa mataki-mataki ita ce ginshiƙin horon zamani: mai koyarwa ba ya jiran cikakken aiki, yana saka wa duk abin da ya doshi aikin, yana ƙara tsananta sharaɗi a hankali.

Saura matsala guda, ta lokaci. Dabba tana danganta lada ne da abin da take yi a daidai ƙiftawar da ladan ya zo. Idan gafiya ta shinshini abin da ake so, mai koyarwa ya tsaya ɓare ayaba, kafin ya miƙa mata ta riga ta juya tana sosa kunne, to sosa kunne ya saka wa. Maganin wannan ya fito daga binciken Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya nuna cewa sautin da kullum yake zuwa gab da abinci yakan zame wa kare tamkar albishir, har yawunsa ya zuba da jin sa. Saboda haka masu horo suke riƙe wani ɗan ƙarfe mai ƙara ƙas idan an danna shi. Ƙarar ita ke gaya wa dabba cewa abin da ta yi yanzun nan shi ake nema, abincin kuwa ya biyo baya. Keller da Marian Breland, ɗaliban Skinner, su ne suka fitar da hanyar daga ɗakin bincike suka horar da dubban dabbobi da ita, sai kuma Karen Pryor, wadda ta yi aiki da dabbar tekun nan dolfin a Hawai, ta yaɗa ta ga masu karnuka da littafinta na 1984. Dolfin ma hujja ce babba, domin ba a saka mata linzami, wanda ya ɗaga mata sanda kuwa sai ta nutse ta bar shi a bakin ruwa.

Daga baya masu binciken ƙwaƙwalwa sun ga abin da idonsu. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya auna wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da sinadarin dofamin. Idan ruwan 'ya'yan itace ya zo wa birin ba zato, ƙwayoyin sukan zabura. Da ya koyi cewa wata alama ce ke gabatar ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. Idan kuma alamar ta zo ruwan bai zo ba, sai su yi tsit, ƙasa da yadda suka saba.

Makarantar Morogoro

Karatun 'yar gafiya yana farawa tana da kamar mako huɗu zuwa biyar, da buɗe idonta. Ana ɗaukarta a hannu, ana yawo da ita cikin hayaniyar mutane da ƙarar motoci har ta daina firgita. Bayan haka sai darasin ƙas: a danna, a ba ta ayaba, a danna, a ba ta, har ta kai in ta ji ƙarar sai ta rugo. Daga nan ake kawo ƙanshin TNT, sinadarin da ke cikin yawancin nakiyoyi, a cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai huji-huji irin na jiƙa ganyen shayi. Ta kai hanci, ƙas. Sa'an nan a jera ƙoƙuna da dama, ɗaya ne kawai mai TNT. In ta tsaya kan wanda ba shi ba, babu abin da zai faru, ba duka ba ayaba. Sai a binne su cikin ƙasa, ta koyi tono da ƙafafun gaba a inda ta ji ƙanshin. A ƙarshe a fita da ita babban fili inda aka binne nakiyoyi na gaske waɗanda aka cire wa kunama. Mutum biyu sukan tsaya a gefe da gefe, igiya a tsakaninsu, gafiya tana saye da ɗamara tana kai da komowa a kan igiyar, suna matsawa taki-taki. Da sassafe ake yi, don ita dabbar dare ce, zafin rana yana wahalar da ita, har mai ake shafa mata a kunne da wutsiya saboda ƙuna. Karatun yakan ci wata tara zuwa shekara guda, kuma ba a tura ta aiki sai ta ci jarrabawar da ba a yafe mata tsallake nakiya ko ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, shin tausayi ne kawai ya hana amfani da sanda? Tausayi yana ciki, amma akwai dalilin da ya fi shi ƙarfi. Sanda tana gaya wa dabba abin da za ta bari, ba ta gaya mata abin da za ta yi. A nan kuwa abin da ake nema yana cikin hancin gafiya, mutum ba ya jin sa. Dabbar da ta koyi cewa kuskure yana jawo zafi za ta zaɓi hanyar tsira, ta rage tono gaba ɗaya, ko ta mai da hankalinta kan hannun mai sandan ta bar ƙasar da aka ce ta shinshina. A fagen nakiya, tonon da aka fasa yi saboda tsoro ƙafar wani manomi ce. An ma auna wannan tsoro a wajen karnuka: wani bincike da aka buga a 2020, kan karnuka 92 daga makarantun horo a birnin Porto na Fotugal, ya samu cewa waɗanda ake koya wa da fizgar wuya da tsawa sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin firgici, ya fi yawa a yawunsu bayan darasi.

Tarkon da ke cikin lada

Sai dai lada ma yana da nasa haɗari, kuma masu yabonsa sukan manta da wannan. Dabba ba ta koyon abin da mai koyarwa yake nufi, tana koyon abin da ke kawo abinci ne. Idan tono kawai ke kawo ayaba, gafiya za ta tone fili duka. Idan mai riƙe igiya ya san inda aka binne nakiya, yana ɗan rage tafiya ko ya kai hannu aljihu in an zo wurin, to jikinsa za ta riƙa karantawa. Shi ya sa ake yin jarrabawa a filin da masu riƙe igiyar ma ba su san abin da ke cikinsa ba.

A fagen gaske matsalar ta fi haka wuya. In gafiya ta yi tono, ba wanda ya san ko daidai ne sai masu kwance nakiya sun haƙa, lokacin danna ƙas kuwa ya wuce tuni. In an saka mata a makance, ana iya koya mata ƙarya. In an daina saka mata sam, halin zai dushe. A nan wani binciken Skinner ya yi rana: halin da ake saka wa jefi-jefi, ba kullum ba, ya fi daɗewa kafin ya mutu, kamar yadda masunci ba ya barin kogi don ya jefa fatsa sau goma bai kama ba. Don haka ake saba wa gafiya da yin aiki mai tsawo ba lada, ana kuma komawa da ita a kai a kai wuraren da aka san abin da ke ƙarƙashinsu domin a saka mata da tabbaci.

Haka ake yi a ɗaya aikin nata, na gano tarin fuka, wanda aka fara a Tanzaniya a 2007, daga baya ya kai Mozambik da Habasha. Ana karɓo kakin da asibitoci suka riga suka duba, a dafa shi don kashe ƙwayoyin cutar, a jera a ƙarƙashin ramuka cikin wani dogon keji. In gafiya ta ji warin cutar sai ta kafe hancinta a ramin na 'yan daƙiƙoƙi. Cikin jerin akwai waɗanda aka riga aka san masu cutar ne, a kansu kaɗai take samun lada. Idan ta tsaya kan wanda asibiti ya ce lafiya lau, ba a ba ta komai, ba a kuma gaskata ta nan take. Sai an sake duba shi a ɗakin gwaji kafin a nemo mai shi a fara ba shi magani. Tana iya bin kaki 100 cikin kamar minti 20, aikin da zai ɗauki ma'aikaci mai duba ta madubin likita kwanaki.

Akwai kuma iyakar da lada ba ya ƙetarewa. A 1961 Keller da Marian Breland suka ba da labarin aladun da suka koya wa ɗaukar kuɗin katako su jefa cikin asusu. Aladun sun iya, amma bayan 'yan makonni sai suka koma yar da kuɗin a ƙasa suna tura shi da hanci kamar masu tonon saiwa, ko da yake hakan yana jinkirta musu abinci. Ɗabi'ar asali ta rinjayi karatu. Masu aikin Morogoro sun yi sa'a, ko kuma sun yi wayo, domin shinshina ƙasa da tono su ne sana'ar gafiya tun fil azal. Abin da aka canza mata kawai shi ne ƙanshin da take nema.

Gafiyoyin sun yi aiki a Mozambik, wadda ta bayyana kammala share filayen nakiyar da aka sani a 2015, da Angola, da Kambodiya. Filin da ya kai girman na wasan tanis sukan gama shi cikin kamar rabin sa'a, alhali mai na'urar gano ƙarfe, wanda dole ya tsaya kan kowace ƙusa da kwanson harsashi, yana iya kwana huɗu a kansa. Wani namiji mai suna Magawa ya gano nakiyoyi 71 da wasu bama-bamai 38 da ba su tashi ba a Kambodiya, har ƙungiyar kula da dabbobi ta PDSA a Ingila ta ba shi lambar zinariya a 2020. Ya yi ritaya a 2021, ya mutu a watan Janairun 2022 yana da shekara takwas. A 2025 aka sanar cewa wani mai suna Ronin ya zarce shi da nakiyoyi 109 a lardin Preah Vihear da ke arewacin ƙasar.