Rumbun UNESCO na Intanet a Matsayin Kayan Koyar da Bambancin Al'adu a Darasin Nazarin Zamantakewa

Gabatarwa

Ɗalibin da bai taɓa fita garinsu ba yakan san sauran al'ummun Nijeriya ne ta hanyar jita-jita da barkwanci, kuma daga nan ƙyamar juna ke tsiro. Wannan maƙala ta duba yadda malami zai yi amfani da rumbun al'adun gado na hukumar UNESCO, wanda ya samo tushe daga yarjejeniyar 2003, domin cike wannan giɓi.

Abin da Rumbun ya Ƙunsa

Kowace al'ada da aka shigar tana da shafinta, ɗauke da taƙaitaccen bayani da hotuna da gajeren bidiyo. Daga Nijeriya akwai duban Ifa da bikin Gelede na Yarbawa (2008), da dodon Ijele na Ibo (2009), da bikin kamun kifi na Argungu (2016), da wasan Kwagh-Hir na Tibi (2019), da hawan Sallah na Kano (2024). Nijeriya ta yi tarayya da Benin da Togo a kan Gelede, abin da ke nuna wa ɗalibi cewa iyakar ƙasa ba ita ce iyakar al'ada ba.

Dabarar Koyarwa

Ya kyautu malami ya fara da abin da ɗalibai suka sani, wato hawan Sallah, su fayyace masu shirya shi da lokacinsa da manufarsa. Sannan ya nuna bidiyon Kwagh-Hir, a amsa tambayoyin nan guda uku a kansa. Daga bisani a kwatanta shi da tatsuniya da tashe, kasancewar duka suna gyaran tarbiyya ta hanyar nishaɗi.

Matsaloli

Bayanan suna cikin Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, babu Hausa. Ga tsadar data da rashin wutar lantarki. Haka kuma bidiyo yakan fifita ado da kiɗa, har ɗalibi ya zaci al'ada biki ce kawai.

Kammalawa

Malami zai iya sauke bidiyo tun kafin darasi, ya kuma gayyaci wani ɗan al'ummar da ke zaune a garin ya yi ƙarin bayani. Fassara waɗannan shafuka zuwa daidaitacciyar Hausa kuwa, nauyi ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu.